Fitilar da Aka Kashe Amma Tana da Ɗumi

Na ji kun kai ƙarata wurin dattawan ikkilisiya, wai misalaina sun cika tsawo. Ni da ake tasowa daga ƙauyuka don a ji bakina! Ba komai, na yafe. Ga gajere, kowa ya gyara zama.

Akwai wani mutum da ya ɗauko tsohuwar mahaifiyarsa daga ƙauye, gama ƙafafunta sun raunana, ba ta kuma da mai ɗebo mata ruwa a can. Tsohuwar ba ta roƙi nama ba, ba ta roƙi katifa ba. Abu ɗaya ta ce: in an ci tuwon yamma a ba ta haske ta karanta Maganar Allah, domin idanunta ba sa ganin rubutu sai da fitila mai ƙarfi.

Mutumin yana da sola a bisa rufi da batir a ɗaki. Sai ya tafi kasuwa ya sayo ƙwayayen fitila na zamani, irin waɗanda ake kunnawa da waya ko da rimot mutum yana kishingiɗe. Mai shago ya ja masa kunne kada ya kashe makunnin bango, in ya kashe shi, fitilar ba za ta ji kira ba. Ya sa a falo, ya sa a ɗakuna, ya sa a zaure da bayan gida, har akurkin kaji ya sa, sai ka ce kaji na da karatu. In baƙo ya zo sai ya danna waya, falo ya koma ja, ya koma shuɗi, baƙo ya riƙe baki. Wasu sai da fitila ake ganin kyansu. Mu dai mun gode Allah.

Da damina ta yi nisa, hadari ya riƙa rufe rana, batir ba ya cika. Tsohuwa za ta buɗe littafinta, kafin ta kai ƙarshen sura sai ɗif, duhu. Mutumin ya zargi rana, ya zargi wanda ya sayar masa da batir, har ya leƙa bayan katanga ko maƙwabci ya ja masa waya. Ya nuna wa uwar fuskar wayarsa cewa duk fitilun a kashe suke wuni, bai san inda wutar take zuwa ba.

Tsohuwa ba ta yi gardama ba. Ta ɗaure kayanta, ta ce ran kasuwa za ta bi mota ta koma, fitilarta ta kananzir ba ta taɓa yashe ta a tsakiyar aya ba. Ɗan ya yi ta roƙo, domin ya san in ta koma ba mai duba ta.

Tana da wata al'ada tun zamanin ɗakin ciyawa: ba ta barin gida sai ta taɓa kowace fitila da bayan hannu, ta tabbata ta mutu. Ran kasuwa da hantsi, ga ƙunshinta a ƙofa, ta miƙa hannu ta taɓa gindin ƙwan da ke kusa da gadonta. Ta kira ɗanta, ba ta ambaci sunansa ba da yake ɗan fari ne.

"Baban Rifkatu, wannan ce ka ce ka kashe?"

"A kashe take, Iya. Ga shi a waya."

"Wayarka ta ce ta mutu, hannuna ya ce da sauran ranta. Gawa ba ta ɗumi."

Mutumin ya zaga gida yana taɓawa, har akurkin kaji, kowace fitila da ɗan ɗuminta. Ya kira mai gyaran sola, shi kuwa ya bayyana masa cewa a cikin kowane ƙwai akwai ɗan kunne da ba ya barci, yana jiran kira, yana kurɓar wuta kaɗan-kaɗan. Kurɓin ɗaya ba komai ba ne, amma gida cike da su, dare da rana, ga hadari, rabon tsohuwa ke nan suke shanyewa.

Sai ya bi bango yana kashe makunni ɗaya bayan ɗaya. Fitilar ɗakin uwarsa kaɗai ya bari a kan jira, ita ma ya canza ta da irin wadda shanta ƙanƙane ne in tana jira, ya sa mata rimot a gefen matashi. Tsohuwa ta ce za ta ba shi yamma ɗaya. Mota ta tafi ba ita. Da yamma hadari na nan yadda yake, amma ta karanta surar har ƙarshe, ta ƙara wata, sa'an nan ta kwance ƙunshinta.

Ma'anar wannan misali ita ce: batir zuciyarka ce, rana kuwa alherin Allah ne da yake zubo maka kowace safiya. Fitilun nan su ne abubuwan da ka ce ka bari, amma ka bar musu kunne a buɗe: tsohon fushi, kishin ɗan'uwa, son a yaba maka. Ba sa haskaka kowa, sha kawai suke yi. In lokacin addu'a ya zo, ko mabukaci ya ƙwanƙwasa ƙofa, sai ka tarar ba sauran ƙarfi, ka ce Allah ne bai ba ka ba.

Lahadin da ta wuce na tambaya wa ya yafe wa maƙwabcinsa, duk kuka ɗaga hannu. Da gangan na ambaci akuyar da ta ci masarar wani bara, nan take na ga fuskoki sun kunnu a layin baya, ba waya ba rimot. Ni kuwa, maganar ƙarar nan tawa, ku zo ku taɓa ni, sanyi ƙalau. In kun ji ɗumi, rigar ce mai kauri.

Ba sabuwar rana kake bukata ba, ba kuma sabon batir ba. Ka koma gida ka taɓa zuciyarka da bayan hannu. Abin da ka ji da ɗumi, ka kashe shi daga bango. Kunne ɗaya za ka bari a faɗake, mai jiran kiran Ubangiji, za ka kuwa ga hasken ya kai ka ƙarshen sura ko da hadari bai washe ba.