Direban da Ya Yi Ta Shafa wa Gwiwarsa Man Zafi

Akwai wani mutum a wani ƙauye na kan dutse, yana da tsohuwar mota. Da ita yake kai mutane kasuwa a gindin dutsen, ya komo da su. Yana ƙaunar motar nan ƙwarai. Kowace yamma sai ya shiga da ita cikin rafi har ruwa ya rufe tayoyi, ya wanke ta, ya goge ta har tana ƙyalli. Masu wucewa su ce, "Direba, mota ce wannan ko amarya?"

Ana nan sai gwiwarsa ta hagu ta fara ciwo. Da wannan ƙafa ce yake taka kuloci, abin nan da direba yake dannawa kafin ya sauya giya. In ya taka, sai ya ji kamar turmi yake turawa. Tsoro ya kama shi, gama haka mahaifinsa ya fara: ƙafar hagu ta yi nauyi, daga baya rabin jiki ya shanye, ya ƙarasa kwanakinsa a kan tabarma. Mutumin ya ce a ransa, "In aka ji, wa zai ƙara shiga motata? Me yarana za su ci?" Bai faɗa wa kowa ba. Ya sayi man zafi, yana shafawa a bayan rumbu.

Amma man zafi ba ya ɓoyuwa. Matarsa ta ɗaga hanci ta ce, "Baban Rifkatu, warin me nake ji?"

Ya ce, "Turaren mota ne."

Ta ce, "To. Motar ce kuma take ɗingishi da safe?"

Ya ɗauki makullinsa ya fita.

Wata rana ya ɗauko matan zumuntar majami'a daga taro, suna ta waƙa a baya. Da suka kai tsakiyar hawan dutse, ya so ya sauya giya. Ya taka, kuloci ya ƙi sauka. Giya ta yi ƙarrr. Motar ta tsaya, ta fara komawa baya a hankali, ga rami a gefen hanya. Waƙa ta mutu a bakin mata. Ya danne birki, gumi yana zuba masa. Wata tsohuwa ta leƙo ta bayan kunnensa ta ce, "Ɗana, mu sauka mu tura ne, ko mu ci gaba da addu'a daga nan?"

Ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya ɗaga daga kujera, ya sa dukan nauyinsa a kan ƙafar. Da ƙyar giya ta shiga, suka haye. Matan suka sauka, ba wadda ta yi masa sai an jima.

Kashegari ya tafi garejin ƙanen matarsa, wanda yake makaniki. Ya ce masa a hankali, "Ka nema mini mai sayen mota. Ciwon Baba ya same ni."

Makanikin ya ce, "Yaya, kawo makulli in matsar da ita inuwa, mu zauna mu yi magana."

Ya shiga, ya taka kuloci. Ya sake takawa. Ya leƙo ta taga ya ce, "Wannan kake takawa kullum? Ai ko jaki ka ba wa wannan aiki, sai ya nemi man zafi."

Ya durƙusa, ya cire bakin wayar ƙarfen da take haɗa matakin kuloci da giya. Ya taɓa matakin da yatsa, sai ga shi yana lilo. Ya ce, "Laifin ba a nan yake ba." Ya shiga ƙarƙashin mota, ya kwance ɗaya bakin, ya zaro wayar daga bututunta. Jan ruwan tsatsa da yashi suka biyo ta. Yawancin silayenta sun tsinke, saura kaɗan suke riƙe.

Ya ce, "Ga ciwonka. Wankan amaryar nan da kake yi mata a rafi, ruwa yana shiga nan, ba ya fita. Kullum tana ƙara tauri kaɗan, kai kuma kana ƙara ƙarfi kaɗan, shi ya sa ba ka gane ba. Da ta tsinke jiya a kan dutse..." Bai ƙarasa ba.

Ya sa sabuwar waya, ya shafa giris, ya ce, "Taka." Mutumin ya taka da ƙarfin da ya saba, ƙafarsa ta daki ƙasan mota, dam. Ya zauna yana takawa yana saki, kamar yaro da abin wasa, hawaye yana bin fuskarsa.

Ga ma'anar misalin, 'yan'uwa. Motar ita ce rayuwarmu, wayar nan kuwa zuciya ce. Zuciya ba ta taurara rana ɗaya. Fushi kaɗan ya shiga bai fita ba, ƙarya kaɗan ta bi bayansa. Addu'a ta yi nauyi, gafara ta yi nauyi, mu kuwa muna ta wanke waje don a yaba mana ran Lahadi. A tambaye mu, mu lanƙwasa wuya mu ce, "Lafiya lau, mun gode Ubangiji," alhali warin man zafi ya cika majami'a.

Mutumin nan ya ga alama, amma ya ba ta sunan da ba nata ba, tsoro kuma ya rufe masa baki har ya kusa zubar da bayin Allah a rami. Wanda ya saba da tauri ba ya jin taurin. Sai ƙafar wani ta taka. Saboda haka kada ka ɓoye. Ka je wurin ɗan'uwa mai tsoron Allah, ku kai abin gaban Ubangiji, wanda yake cire zuciya mai tsatsa ya sa sabuwa. Ka miƙa makullin tun kana ƙasa, kafin ka kai tsakiyar dutse da mutane a bayanka.