Yalon Inna da Kabewar Maman Filibus

Akwai wata mace mai ɗan lambu a bayan majami'a. Ba gonar gado ba ce. Filin ikilisiya ne aka yayyanka wa mata, kowacce ta sami ɗan wuri, taku goma tsawo, taku shida faɗi. In ta yi atishawa a nata, maƙwabciya za ta ce mata sannu.

Matar nan tana da abu guda da take ji da shi, wato irin yalon mahaifiyarta. Farin yalo ne ƙanana, ba ɗaci, ba a samun irinsa a kasuwa. Da Inna za ta rasu ta bar irin a ƙulle cikin tsumma da toka, aka raba biyu tsakanin matar nan da ƙanwarta Keziya. Na Keziya ɓera ya cinye. Saura nata kaɗai, bai ma cika cokali ba.

Tun da bazara ta zuba shi a tsohon daro, tana ba shi ruwa safe da yamma, tana korar kaji. Tsiro goma sha biyu suka fito. Ta aika wa Keziya cewa ta kwantar da hankalinta, bana za ta sami irin Inna. Da ruwan shuka ya sauka, ta kwashi tsiron ta dasa a lambu, ta bar taku ɗaya tsakanin kowane biyu, yadda Inna take yi. Yalo yana son iska da rana.

Ba ta gama wanke hannu ba sai ga Maman Filibus, dattijuwar da lambunta ke jikin nata. Ta zo da tsiron kabewa uku a cikin ganye, da ƙasarsu.

Ta ce, "Sannu da aiki, 'yata. Kai, dubi wuri a banza tsakanin yalon nan! Ungo, sa wannan. Uku ne kawai."

Zuciyar matar ta ce a'a. Bakinta ya ce, "Na gode, Mama. Allah ya saka."

Kun dai san yadda muke. Babba ta miƙo miki abu da hannu biyu, da wane baki za ki ce ba ki so? Kuma Maman Filibus ba ta tafi ba. Ta tsaya riƙe da ƙugu sai da ta ga an dasa, har tana nuna wuri da ƙafa.

Washegari Baba Istifanus mai share majami'a ya zo da igiyar dankali a kafaɗa. Ya ce, "'Yata, wannan ba ya cin wuri, a gefe kawai za ki binne." Ta ce na gode, ta binne. Bayan kwana biyu matar dattijon ikilisiya ta ba ta irin rama a tafin hannu, ta ce a watsa a bakin iyaka. Ta ce na gode, ta watsa.

Mako biyu na farko lambun ya yi kyau, kowa ya wuce sai ya yaba. Daga nan ruwa ya zauna, kabewa ta buɗe ido.

Wanda bai taɓa shuka kabewa ba bai san wahala ba. Ki bar ta da yamma tana nan, ki dawo da safe ta yi tafiya. Ganye kamar faifai. Ta miƙa hannu nan, ta miƙa can, ta kama yalo ta naɗe kamar ta ga ɗan'uwanta. Dankali ya bi ta ƙasa, rama ta tashi ta tare rana ta gabas.

Kullum da safe matar nan sai ta zo ta ɗaga yaɗon kabewa a hankali, ta juya shi waje, ta danne da dutse. Gobe ya dawo. Ta kafa sanda, kabewa ta hau sandar ta sauko ta ɗaya gefen. Tana yi tana ƙunƙuni: "Wai ke ba ki da gida ne? Ina za ki? Me yalo ya yi miki?" Wuƙa tana cikin kwandonta. Sau uku tana fito da ita, sau uku tana mayarwa, don daidai lokacin sai ta ji murya ta kan shinge.

"Ina kwana, 'yata? Yaya jikokina? Kai, sun yi ƙiba! Hannunki yana da albarka."

Jikokin nan kabewa ake nufi. To yaya za ta yanka jikokin mutum a gaban idonta? Sai ta yi murmushi ta ce, "Suna lafiya, Mama." In dattijuwar ta juya, ta yi tsaki ƙasa-ƙasa.

Yalo kuwa ya fara ramewa. Ganyen ya yi rawaya, jikin ya yi siriri yana neman rana. Ɗaya ya kwanta. Bayan kwana uku wasu biyu suka ruɓe a ƙarƙashin ganye, don damshi ba ya bushewa a wurin. Matar tana gani, tana jin zafi, tana cewa gobe za ta yi magana. Goben ta zo ta wuce sau da yawa.

Ranar kasuwa sai ga Keziya ta biyo daga ƙauyensu. Ko ruwa ba ta gama sha ba ta ce a kai ta ta ga yalon Inna. Suka je. Keziya ta tsaya a bakin lambu tana dube-dube.

Ta ce, "Yaya, ba wannan ba. Naki nake so ki nuna mini."

"Shi ne wannan."

"Wannan dajin? Ina yalon?"

Matar ta sunkuya tana ɗaga ganye ɗaya-ɗaya kamar mai neman allura. Suka ƙirga tare. Biyu suka rage a tsaye, su ma da kyar.

Keziya ta tafa hannu. "Goma sha biyu kika aiko mini! Ni ɓera ya ci nawa, na yi kuka. Ke kuma da hannunki kika dasa naki ɓeran, kina ba shi ruwa."

"Ki rage murya, Maman Filibus ce ta ba ni."

"To Maman Filibus ce ta haife ki? In waɗannan biyun suka mutu, a ina za mu samo? Mu je kabari mu ce Inna ta ƙara mana?"

Maganar nan ta shige ta. Ta ɗauki wuƙa, amma ba ta yanka ba tukuna. Ta zagaya wurin Maman Filibus, ta durƙusa.

Ta ce, "Mama, ki gafarce ni. Kabewar da kika ba ni tana kashe yalon mahaifiyata. Ina so in cire, amma ina jin nauyinki."

Maman Filibus ta ajiye fartanya ta dube ta. Sai ta fashe da dariya.

"Wayyo 'yata! Ki cire mana! Ai ni ma cirewa na yi daga nawa, sun yi mini yawa. Bola zan kai su, na ga kina da wuri na ce bari in ba ki. Ashe abin da ke damunki ke nan? Me ya hana ki faɗa tun tuni?"

Matar ta tsaya a durƙushe, ta rasa ta yi kuka ko ta yi dariya. Mako biyar tana fama. Yalo goma sun tafi saboda abin da aka ɗauko za a zubar.

Ta koma ta tuge kabewar nan har saiwa, Keziya tana ja tana ja. Suka cire dankalin, suka rage ramar. Baba Istifanus ya wuce da tsintsiyarsa, ya ga tulin ganye, ya ce in ba sa so zai kai wa awakinsa. Ko tambaya bai yi ba, ya manta ma shi ya ba da dankalin.

Yalo biyun nan suka sha rana, suka farfaɗo a hankali. Ɗaya ya yi 'ya'ya huɗu, ɗaya ya yi uku. A shekarar nan matar ba ta sa ko guda a baki ba. Ta bar su a jiki har suka nuna suka yi ja, ta fasa, ta wanke irin, ta shanya, ta raba biyu da Keziya. Miyar yalon da ta yi ta marmari tun bazara, sai baɗi.

Ma'anar wannan misali kuwa, ga ta.

Lambun nan ranarki ce, ranarka ce. Ƙarama ce, taku goma ne da shida, ba wanda aka ƙara wa. Yalon Inna shi ne bangaskiyar da aka ba mu, da ɗan lokacin da muke zama da Ubangiji cikin addu'a da Maganarsa. Ba a sayensa a kasuwa. In ya mutu a hannunka, me za ka miƙa wa na bayanka?

Ku lura da kyau, ba ciyawa ce ta kashe yalon ba. Da ciyawa ce, da tun ranar farko ta sa fartanya. Kabewa abinci ce, dankali abinci ne, rama ma haka. Waɗanda suka ba ta kuma ba mugaye ba ne, 'yan'uwa ne a cikin ikilisiya. Abin kirki ne ya danne abin da ya fi shi.

Abin nan yana ba ni haushi, domin ina ganinsa kowane mako, har a kaina. An ce ki shiga kwamitin girki, kin ce to. An ce ki riƙe ankon biki, kin ce to. An ce ka zo taron unguwa, ka raka wane, ka tsaya wa wance, ka ce to. Duk na kirki ne. Amma yaushe rabon da ki zauna shiru ki yi addu'a ba kina gyangyaɗi ba? Yaushe rabon da ka tara 'ya'yanka ku buɗe Maganar Allah a gida? Muna ta juya yaɗo muna danne shi da dutse, muna cewa mako mai zuwa zan sami sarari. Ba za ki samu ba. Kabewa ba ta san iyaka ba, sai an cire ta.

Kuma yawancin waɗanda muke jin nauyinsu, da mun buɗe baki da ladabi, da sun ce ba komai. Wasu ma nauyin da ya yi musu yawa ne suka sauke mana, ba da mugunta ba, sun ga kamar muna da wuri. Wurin da Inna take bari tsakanin yalo ba wurin banza ba ne. Nan iska take shiga.

Ban ce ku raina manya ba, ban ce ku ƙi aikin ikilisiya ba. Matar nan durƙusawa ta yi. Kuskurenta guda ne, ta durƙusa a mako na biyar maimakon ranar farko.

Saboda haka yau in kun koma gida, kowa ya ɗaga ganye ya duba ƙarƙashi, ya ƙirga abin da ya rage a tsaye. In biyu ne, kada ka tsaya kukan goman. Biyun ma iri ne. Amma ka je ka yi maganar nan yau, tun suna da rai.

Ubangiji ya ba mu bakin cewa, "Na gode, Mama, amma wurin nan na yalo ne." Amin.