Bangon da Shigeharu Ya Ƙi Hudawa

Akwai wani mutum mai suna Shigeharu a wani ƙauye cikin Akita, yankin sanyi da yawan girgizar ƙasa. Ranar Talata, sha tara ga Disamba, ƙarfe goma da kwata na safe, yana shan shayi a cikin gida, mahaifiyarsa Tsuya kuma tana gareji.

Sabon gareji ne, bangonsa na katako mai ƙamshi, Shigeharu na ji da shi. A ciki akwai doguwar kanta ta ƙarfe, tsaye kawai, ba a ɗaure ta da komai ba. Da dusar ƙanƙara ta fara sauka ya canza wa motarsa tayoyi zuwa na lokacin sanyi kamar kowa, ya ɗora na bazara can sama, ya jera jarkokin kalanzir a ƙarƙashinsu. A gindin kantar tsohuwa ke ajiye gangar kabejinta mai gishiri, an danne shi da dutse, domin nan ya fi sanyi.

Tun ranar canjin tayoyin maƙwabcinsa Masakichi, abokinsa na ƙuruciya, ya yi magana.

“Kai Shige, ƙasar nan fa motsi take. Ɗaure kantar nan da bango, ka sauko da tayoyin.”

“In huda wannan katakon? Je ka huda na gidanka, sarkin tsoro.”

“Ƙusa huɗu kacal, mai taurin kai.”

“Ko ɗaya.”

To, a safiyar Talatar nan sai wayoyin gidan suka ɗauki kukan gargaɗin girgizar ƙasa. Kafin Shigeharu ya ajiye kofi, ƙasa ta yi girgiza. Wuta ta ɗauke. Daga gareji ya ji ƙarar ƙarfe, sai wani abu mai nauyi yana mirgina.

“Inna tana can!” in ji matarsa Fumie. “Ta tafi da tsohon rishonta na jin ɗumi!”

Ya fita ba takalmi. Babbar ƙofar gareji da lantarki take ɗagawa, ba ta motsa ba. Ya tura ƙaramar ta gefe, ta buɗe kamar faɗin tafin hannu ta cije. Tayoyi sun tokare ta daga ciki.

Warin kalanzir ya bugi hancinsa.

Ta tsagar ya hango kantar ta kife, samanta ya sauka kan gangar kabeji. Mahaifiyarsa na kwance a ƙarƙashi. Can gefe risho na ci, kalanzir kuma na rarrafe a siminti yana nufarsa.

“Inna! Kina ji na?”

“Daina ihu, ban kurumce ba,” ta ce da ƙaramar murya. “Ƙafata ce ba ta motsi.”

“Hannunki zai kai rishon?”

“Da zai kai, kai zan jira?”

Ya doki ƙofar da kafaɗa. Gangar ta yi ƙara, kantar ta ƙara sunkuyowa.

“Bari, wawa, za ka ƙarasa ta!” Masakichi ne, ya ƙetaro dusar ƙanƙara da jak ɗin mota da shebur. Ya cika shebur da dusar, ya zura ta tsagar ƙofar, ya watsa a gaban kalanzir. Ya sake, ya sake, har ta yi ɗan shinge. Fumie ta fasa ƙaramar tagar baya. Ita kaɗai za ta iya shiga, ta kuwa shiga, gilashi na yankar hannunta, ta murɗe rishon ya mutu.

Ta janye tayoyi ɗaya bayan ɗaya. Suka shiga, suka kafa jak a ƙarƙashin kantar. Shigeharu ya shiga murɗawa. Suna jawo tsohuwa, gangar ta tsage.

Tsuya ta rayu, amma ƙashin ƙugunta ya karye. Daga asibiti gidan kula da tsofaffi aka wuce da ita, ba ta sake taka gidansu ba. Duk ranar da Shigeharu ya je duba ta, tambayarta ɗaya ce: “Wa ke juya mini kabeji?”

Da bazara ta shigo, Shigeharu ya huda bangon da hannunsa. Ƙusa huɗu. Aikin bai kai daɗewar shan kofin shayi ba.

Waɗanda suka rage a gidan su ne: Shigeharu, wanda ya rage magana, Fumie, da tabo a hannu, Masakichi, da ke leƙowa da yamma, sai dutsen gangar, a ƙasa, inda ba mai amfani da shi.

Darasi: Abu mai nauyi ƙasa ake ajiye shi, kanta a ɗaure ta da bango, kalanzir kuma nesa da wuta. Wanda ya ƙi jin bari zai ji hoho, kuma sau da yawa ba shi ne ke kwance a ƙarƙashin kayan ba. Ku leƙa garejinku yau, sannan ku tura wannan ga duk wanda kuka san ya ce “sai gobe”.