Dunduniyar Tunau

A can zamanin da, tun dajin da ke yamma da manyan duwatsu bai san gatari ba, hanyar cikinsa kuwa sai wadda giwaye suka taka, an yi wata zuriya ta maharba a wani ƙauye wanda yau ko kufansa ba a sani ba. Sarkin bakansu sunansa Jatau, mutum mai kaifin ido da gajeren haƙuri. Yana da ƙane mai suna Tunau, wanda a ƙuruciya ya fi shi hannu nesa ba kusa ba. In an dawo daga daji, makaɗa kan tare Tunau da kirari suna cewa, "Tunau na Hakama, dodon ɓauna, mai kibiya ɗaya, wanda ka nuna ya yi sallama da ciyawa." Hakama ɗin nan matarsa ce.

Ɓaunar da ake masa kirari da ita, ita ce ta gama da harbinsa. Wata rana ya harbi wata tsohuwa a cikinsu, ba ta faɗi ba, ta juyo ta ɗauke shi da ƙaho ta maka da ƙasa. Tunau ya rayu, amma hannunsa na hagu ya shanye tun daga kafaɗa, ko baka ba ya iya riƙewa. Ya yi zaman gida har zaman ya ishe shi. Rannan sai ya zare kan kibiya ya kai maƙera aka lanƙwasa masa ya zama ƙugiya, ya kwance tsirkiyar bakansa ya ƙara mata tsawo da igiyar rama, ya sari gora mai laushi, ya fara zuwa bakin gulbi yana fatsa. Ba don yunwa yake yi ba, domin gidan yayansa ba a rasa nama. Yana yi ne don zuciyarsa ta sami inda za ta huta. Yakan wuni a gaɓa shiru, ya koyi inda kifi ke laɓewa da zafin rana, da irin motsin da ke korarsa, in ya kama ƙanana ma sau da yawa sai ya sake su.

Maharba kuwa abin nan ya ba su dariya ƙwarai. Su mutane ne da suka ɗauka duk abin da ba a bi shi da gudu ba, ba farauta ba ne. In ya wuce da gorarsa a kafaɗa sai su ce, "Ga dodon ɓauna ya koma dodon tana." Tunau yakan wuce abinsa. Hakama ce kaɗai ke tarbarsa ta karɓi 'yan kifayen da hannu biyu, kamar ya kawo mata cinyar barewa.

Sai aka shiga shekarun da damina ta yi ta ƙin zuwa. Gulbi ya janye ya bar yashi, namun daji suka yi ƙaura, rumbuna suka zama wurin kwanan ɓeraye, har ɓerayen ma aka cinye su. Jatau ya tara jama'a ya ce a tashi. Suka ɗaure abin da ya rage suka nufi kudu, ana tafiya ana binne tsofaffi da jarirai a gefen hanya, wani kabarin ko dutse ba a sami ƙarfin ɗora masa ba. A lokacin Hakama tana da tsohon ciki. Mace ce da ta sha haihuwa tana binnewa, wannan cikin kuwa ta riƙe shi da dukan ranta. Ƙafafunta suka kumbura har ba ta iya taka ƙasa sai Tunau ya tallafe ta da hannunsa guda, suna jan jiki a bayan ayari.

A haka suka iso wani tafki a gindin wani dogon dutse, gaɓarsa fa ce, wato shimfiɗaɗɗen dutse. Ruwan kore ne mai duhu, ba a ganin ƙasansa, kuma fari bai rage masa ko taki ba. Mutane suka faɗa bakinsa suna sha suna kuka. Amma ruwa ba ya tsayar da yunwa. Ana ganin manyan kifaye suna juyi can tsakiya, sai wasu maza biyu suka ɗinke zannuwa suka yi abin kamu, suka hau manyan gorunan duma suka shiga. Gorunan suka dawo gaɓa, mazan ba su dawo ba. Wasu sun ce kada ne, wasu sun ce mutanen ruwa ne ba sa son a taka musu gida. Ko ma mene ne, daga ranar ba wanda ya ƙara tsoma ko idon sawunsa.

Jatau ya ga mutanensa suna kwance a bakin abinci suna mutuwa, abin ya yi masa ciwo har ba ya iya kallon kowa. Maharbi kuwa hanyar kisa ɗaya ya yarda da ita, ita ce dafi. Ya sa aka tsinko magimfa, ganyen nan da ake dakawa a zuba a ruwa kifi ya bugu ya taso. Da yake tafkin na da zurfi, sai ya ce a kankare dafin kibiyoyi duka a haɗa a ciki. Da hantsi Tunau ya ji ƙarar turmi, ya zo ya tarar ana daka.

"Yaya, in ka zuba wannan, me za mu sha?"

"Mu cika goruna tukuna," in ji Jatau. "Mu kwashe kifin mu banda, mu kama hanya."

"Hakama ba za ta iya tafiya ba. Ko tashi tsaye ba ta yi."

Jatau ya kau da kai. "Na sani, Tunau. Amma jama'a ce a wuyana. Ba zan bar gari ya ƙare saboda mace ɗaya ba, ko da matar ƙanena ce."

Tunau ya dubi turmin. Ya gane in dafin nan ya shiga ruwa, Hakama tana da zaɓi biyu ne, ko ta mutu a hanya ko a bar ta a bakin ruwan da ba ya shayuwa. Ya durƙusa a gaban yayansa, abin da bai taɓa yi ba tun suna yara.

"Ka ba ni zuwa inuwar dutsen nan ta taɓa ruwa. In ban fitar da abin da zai ciyar da mutane ba, ka zuba."

Wani daga cikin masu daka ya yi dariyar da ba ta da ƙarfi, ya ce da 'yar sandar nan za a ciyar da gari? Jatau ya dubi dutsen, ya dubi ƙanensa, ya ce ya ba shi.

Abin da ya fara tsayar da Tunau shi ne abin da zai sa wa ƙugiya. Ya tona gefen fa da wuƙa har farcensa ya fashe, babu tana. Ya ɗaga duwatsu, babu ko gyare, domin yunwa ta riga ta sa yara sun tsince komai. Ya koma wurin Hakama a ƙarƙashin wata busasshiyar ƙirya ya zauna. Ita kuwa ta ji duk abin da aka yi. Ta kwance ƙullin da ke bakin zanenta ta fito da ɗan curin gumba, bai kai ƙwan kaza ba, wanda ta ɓoye don ranar naƙuda.

"Maigida, karɓi."

"Wannan shi ne ƙarfinki na haihuwa, Hakama."

"In an zuba dafi, a ina zan haihu? Karɓi ka tafi, inuwa ba ta jiranka."

Ya tafi can ƙarshen fa inda ruwa ya fi duhu, ya roƙi jama'a su ja da baya su yi shiru, domin kifi na jin takun mutum a kan dutse. Ya zauna ta inda inuwarsa ba za ta faɗa ruwa ba, yadda yake yi wa barewa kwanto a da. Sannan ya gutsuri fiye da rabin gumbar ya marmasa ya watsa a ruwa. Nan fa surutu ya tashi. Wata mata ta ɗora hannu a ka ta ce wannan mutum ya haukace, ana mutuwa da yunwa yana ciyar da tafki. Tunau bai waiwaya ba. Ya san kifi ba ya zuwa inda ba a kira shi ba.

Rana ta take, ta fara karkata. Inuwar dutse ta sauko ta rufe rabin fa. Ƙananan kifaye suka taru suna tsattsagar garin, suna sace masa abin da ya sa a ƙugiya kaɗan-kaɗan, har ya rage saura ɗan abin da bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Ya manna shi a ƙugiya, ya jefa. Gora ta lanƙwasa, ya fizga, sai ga karfasa kamar tafin hannu tana wutsil-wutsil a kan dutse.

Tunau ya danne ta da ƙafa ya tsaya yana kallonta. Wannan kifin zai iya zama romon da zai riƙe Hakama yau. Amma ba zai ciyar da gari ba, kuma ba zai hana Jatau zuba dafi ba. Ya ɗaga kai ya hango matarsa, ita ma shi take kallo, leɓɓanta sun tsage da yunwa. Hawaye suka zubo masa. Ya sa haƙori ya zare ƙugiyar daga bakin karfasar, ya soka ta a bayanta yadda za ta ci gaba da iyo da ranta. Ya kwance igiyar daga gora, domin ya san abin da yake kira yanzu ya fi ƙarfin gora, ya naɗe tsirkiyar a wuyan hannunsa na dama. Sai ya wurga kifin can tsakiya.

Wannan karon ba surutu aka yi ba, zagi aka yi. Wasu maza suka taso za su doke shi, Jatau ya tare su. Ya ce alkawari ya yi, kuma saura kaɗan ya cika.

Inuwa ta yi ta rarrafowa a kan fa. Igiya tana kwance a ruwa ba motsi. Tunau ya kira Allah, ya kira uwarsa da ta daɗe da rasuwa, ya roƙi masu tafkin ko su wane ne, har muryarsa ta dushe. Da inuwar ta taɓa ruwa, Jatau ya ɗauko ƙwaryar dafi da hannu biyu ya zo ya tsaya kusa da shi.

"Tunau, lokaci ya yi. Ka yafe mini."

Bai rufe baki ba ruwan ya tsage. Igiya ta miƙe ta yi ƙara, aka fizge Tunau daga zaune, ya tafi a kan bayansa ana jansa zuwa baki. Shi ba ya iya iyo, ga hannu ɗaya, ga shi a ɗaure. Ya kafa dugadugansa a kan fa da dukan abin da ya rage masa na ƙarfi, tsofaffi kuma sun tabbatar cewa dutsen ya yi laushi a ƙarƙashinsu kamar yumɓu. Duk da haka ana jansa. Jatau yana tsaye, ƙwarya a hannu biyu, ƙanensa yana sulalewa a gabansa. Ba shi da hannu na uku. Ya saki ƙwaryar ta kife a cikin wani kwarmin dutse, ya faɗa ya rungume Tunau ta ƙugu. Wani ya kama Jatau, wani ya kama wancan, har matan da ke iya tashi suka shiga layi.

"Kada ku fizga," Tunau yake faɗa, jini na bin igiya. "In ya ja ku bi shi, in ya tsaya ku ja da baya."

Haka suka yi ta yi, su matsa gaba su ja da baya, mayunwata suna haki a kan dutse, har abin da ke ruwa ya gaji. Da aka jawo shi gaɓa sai ga giwan ruwa wanda ya fi dogon namiji tsawo, ɓawon jikinsa kamar faifai. Kafin rana ta faɗi kowace tukunya ta hau wuta. Jatau da kansa ya ɗebi romon farko ya kai wa Hakama, ya durƙusa ya riƙe mata ƙwaryar har ta sha.

Washegari sarkin baka ya juye kwarinsa a ƙasa, sauran maharba suka bi shi. Aka hura wuta aka lanƙwasa kawunan kibiyoyi, aka kwance tsirkiyoyi, masu dariyar jiya suka jeru a gaɓa kowa da gorarsa, suna tambayar Tunau inda za su jefa. Ba su ƙara tashi daga wurin ba. Hakama ta haifi 'ya mace aka sa mata Barmani, kuma wannan ta zauna, ta yi jikoki. Makaɗa suka sake wa Tunau kirari, suka ce, "Tunau na Hakama, mai kiran giwa daga gaɓa, dunduniyarka ta fi dutse."

Sai dai tafkin ya karɓi nasa. Tsirkiya ta yanke wuyan hannun Tunau har ƙashi, raunin ya warke amma yatsun ba su ƙara rufewa ba. Mutumin da ɓauna ta raba da baka, kifi ya raba shi da gora, abin da ya rage masa na jin daɗi a duniya. Ya yi baƙin ciki ƙwarai, ya daina zuwa bakin ruwa. Da Hakama ta gama wankan jego sai ta goya 'yarta, ta ɗauko gorar daga inda ya jingine ta, ta ce masa ya tashi ya raka ta, ita ba ta san inda kifi yake ba. Tun daga ranar har tsufansu a gaɓa suke wuni, ita da gora a hannu, shi a gefenta hannuwansa a cinya, yana kallon ruwa yana ce mata, "Jira, jira tukuna. To, ja."

Garin da ya tashi a wurin shi ake kira Dunduniya. Ramuka biyu masu tsawo da dugadugan Tunau suka tona suna nan a kan fa, ga kuma kwarmin da dafi ya zube, baƙi ƙirin, ko tsuntsu ba ya shan ruwan da ya taru a ciki. Har yau ba a shiga tafkin, ba a jefa masa taru, ba a kusantar da magimfa gare shi. Ranar da za a buɗe fatsa a kowace shekara, mace mai ciki ce ke fara watsa curin gumba a ruwa. Sannan mata su ɗauki gorunan fatsa, mazajensu kuma, duk ƙarfinsu da gwanintarsu, su zauna a gefe su ɗora hannuwa a cinya, ba wanda zai taɓa igiya sai matarsa ta fitar da kifin farko.