Turakun Baba Shekarau

Ku gyara zama, na zo muku da gardamar da ta hana Baba Shekarau sakat.

Manomin shinkafa ne a bakin fadama, inda ambaliya kan shigo ba sallama. Bana ya rantse ruwa ba zai ci masa ko ƙwaya ba, sai ya ce a kafa turakun giginya cikin laka, a ɗora dandamali a kai, a jibge buhuna a sama.

Babban ɗansa Jatau, ƙarfi kamar ingarma, shi ya yi ta dukan turakun da gungume har suka shige can ƙasa. Hannunsa duk ya yi kanta.

Ana shirin ɗora shinkafa, sai na tsakiya, Mati, wanda tuwon mutum uku ba ya isarsa, ya hau dandamalin ya ɗan kishingiɗa. Turaku suka soma nutsewa, dandamali ya karkace, Mati ya gangaro cikin taɓo yana salati. Baba ya ga da buhunan ne a kai da noman shekara ya tafi.

Cikin takaici ya ce wa autansu, "Barau, tumɓuke mini tsinannun turakun nan!"

Barau kuwa ko ƙuda ya sauka masa a hanci sai ya jira iska ta kore shi. Ya ce, "To Baba, gobe in Allah ya kai mu." Goben nan ta yi ta haihuwar gobe har wata ya mutu wani ya tsaya.

Ranar da Baba ya tasa ƙeyarsa da sanda, aka ɗaura wa turke ɗaya shanun huɗa, ko gezau. Ashe laka in an dame ta da duka sakin jiki take yi, in ta huta sai ta damƙe abin da ke cikinta. Aka daidaita dandamali aka loda buhuna, har da Mati a sama. Ruwa ya zo ya yi hauka ya wuce, bai taɓa shinkafa ba.

Baba ya yi murna har da hawaye, ya ce zai ba da ɗan maraƙinsa tukuici, ga shi guda ɗaya ne tak. Jatau ya nuna tafin hannunsa, Mati ya shafa tumbi, Barau ya ce a tashe shi in an gama shawara.

To jama'a, mai ƙarfi, mai ƙiba ko malalaci, wa za a miƙa wa igiyar maraƙin?