Mudarribin Jarwal da Ƙafar Ƙanensa

An yi wani mutum a nan unguwar Jarwal ta Makka, ya 'yan uwa, shekaru kaɗan bayan ƙarewar babban yaƙin Turawa. Ba zan faɗi sunansa ba. Yana nan da rai, kuma wanda ya rufa asirin ɗan uwansa, Allah zai rufa nasa.

Iyayensa Kanawa ne da suka taso aikin hajji a ƙasa, suka shekara goma sha a hanya. A Sudan aka haife shi, a can ya koyi tamaula wurin ma'aikatan tashar jirgin ruwa. Uban ya rasu kafin su ƙetare teku. Sai ya iso Makka da uwarsa Hajara da ƙanensa Idris. Shi yana dako a kasuwa, Idris kuma yana ga-ruwa, garwa biyu a sanda, yana hawa da sauka a lungunan dutse. Da wannan ruwan Idris ya yi aure, da shi yake ciyar da matarsa Rabi da jaririyarsu.

A lokacin samarin unguwa suna da ƙungiyar ƙwallo. Suna wasa bayan la'asar a wani fili mai yashi, can bayan gidajen ƙarshe. Wasu attajirai uku ke saya musu riguna, su ne kuma ke naɗa mai horar da su, wanda suke kira mudarrib. Cikin shekara huɗu an yi mudarribai uku. Na farko ya shekara biyu. Na biyu shekara guda. Na ukun a gahawa, wato shagon shayi, aka cire shi ana hira, shi kuwa yana can fili yana busa usur, bai sani ba.

Sai aka ba mutumin nan.

Allah ya ba shi basira, wannan ba a musu. Shekarar farko suka ci 'yan unguwar Utaibiyya, suka ci na Tandabawi. Shekara ta biyu ba wanda ya iya kada su a Makka. Wanda jiya ake kira da "kai, mai dako" ya zama in ya shigo gahawa ana miƙewa tsaye. Ya ajiye igiyar dakonsa. Ya ɗinka sabuwar jallabiya. Yabo ya shiga jininsa, tsoro kuma ya biyo bayan yabon, domin ya ga yadda aka yi da na gabansa.

Ƙarfin ƙungiyar kuwa duk a ƙafar Idris yake. Shekarun hawan dutse da ruwa sun ba shi gudun da ba mai cim masa.

A shekara ta uku aka sa ranar wasa da wata ƙungiya daga Jidda. Saura kwana goma Idris ya zame a kan matakala da garwa a kafaɗa, ƙaurinsa ya tsage. Wani tsohon maɗori na Tandabawi ya ɗaure ƙafar, ya ce kwana arba'in kada ya yi gudu.

Hajara ta san ɗanta. Ta kira babban, ta ce, "Ka rantse mini ba za ka sa yaron nan a wasa ba."

Ya juya fuskarsa wajen Ka'aba, ya ce, "Wallahi, Inna, ba zai taka fili ba."

Ranar wasa ta zo. Mutane suka cika fili har kan duwatsu. Idris ya zo kallo, yana dogara sanda. Kafin a tafi hutu 'yan Jidda sun jefa ƙwallo ɗaya. Sai babban cikin attajiran nan uku ya matso kusa da mudarrib, ya ce a hankali, "In aka ci mu a gida yau, khalas, taka ta ƙare. Akwai wani Basudane da ke neman aikin."

Ya 'yan uwa, me ya rage masa a lokacin? Abin da ya kamata shi ne ya ce to, Allah ya kai mu. Ya koma dakonsa da mutuncinsa, da rantsuwarsa, da ƙanensa lafiya. Wannan kawai. Amma ya tuna miƙewar da ake yi masa a gahawa.

Ya je wurin Idris ya ce, "Tashi ka sa riga."

Idris ya ce, "Yaya, ka ji abin da maɗori ya faɗa."

Ya ce, "Maɗori ne ya goyo ka daga Sudan, ko ni?"

Idris bai taɓa yi masa musu ba, don shi ya sani a matsayin uba. Ya kwance tsumman ƙafa, ya ɗaure tam da wani, ya shiga. Ya cije ya jefa ƙwallo ɗaya. Ya ba wani ya jefa ta biyu. Ana gab da tashi wani ɗan Jidda ya taho suka haɗu. Waɗanda ke bakin fili sun ce sun ji ƙarar kamar an karya busasshen itace.

Aka busa usur. Jarwal ta ci. Jama'a suka ɗauki mudarrib a kafaɗa suna kiran sunansa. Daga can sama ya hango mutum huɗu ɗauke da ƙanensa a tabarma, ƙafar tana lilo. Ya gani da idonsa. Bai ce a sauke shi ba. Aka zaga da shi unguwa har aka kira magariba.

Da ya shiga gida, Hajara tana zaune tana riƙe da kan Idris. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi masa baki ba. Ta ce, "Da Allah ka rantse mini." Daga ranar in ya gaishe ta takan amsa, amma ba ta sake kiran sunansa ba.

Ƙashin ya fasa fata, ciwo ya ruɓe. A asibiti aka yanke ƙafar daga ƙarƙashin gwiwa.

To, kujerar da ya saya da wannan tsada, kwana nawa ta yi masa? Babu Idris, aka ci su sau huɗu a jere. Kafin watan hajji ya kama an ba Basudanen nan aikin. Shekara biyu da 'yan watanni, shi ke nan zamaninsa.

Ya kasa zaman Makka. Ya tafi Ɗa'if, wata makaranta ta ɗauke shi ya horar da ɗalibanta. Ya shekara guda aka sallame shi. Ya gangara Jidda, inda ake tuna ranar da ya ci su. Can ya yi wata biyar. Wata ƙaramar ƙungiya ta gwada shi wasa uku. Daga nan ba wanda ya sake nemansa. Tun yana kan aiki a Jidda saƙo ya iso cewa Hajara ba lafiya. Ya ce bari a gama wasan Juma'a. Ranar Alhamis aka yi mata salla a Harami.

Da ya dawo, ya tarar da Idris zaune a ƙofar gida da faranti yana sayar da asuwaki, Rabi kuma tana wankau a gidajen mutane. Ya durƙusa gaban ƙanensa yana kuka.

Idris ya ce, "Tashi, Yaya. Ni na yafe maka tun ina asibiti. Inna ce na yi ta roƙo ta ce wani abu a kanka. Har ta cika ba ta ce komai ba."

Ya 'yan uwa, ban zo yin magana a kan ƙwallo ba. Kowannenmu yana da kujerar da yake tsoron a janye masa: wani limanci, wani shago a bakin Harami, wani jagorancin alhazai. Duk aro ne, kuma masu tafi yau su ne masu neman wani gobe. Wanda ya karya rantsuwa don ya tsare matsayi, ya ci amanar wanda ke ƙarƙashinsa, ya ɓata ran mahaifiyarsa, matsayin zai tafi a lokacinsa, zunubin ya zauna. Yafewar ɗan uwa ana iya samunta. Uwar da ta shiga kabari, ina za ka je ka roƙe ta?

Wanda uwarsa ke raye, ya tashi daga nan ya je ya gaishe ta.

Ya Allah, ka karɓi tuban bawan nan, ka saka wa Idris da haƙurinsa, ka ji ƙan Hajara. Allah ya kiyaye mu da son yabo, da rantsuwar da ba za mu cika ba. Amin.