Mutumin da Ya Ƙi Rage wa Jirginsa Mai

An yi wani mutum a nan garin Jos, ba za a kama sunansa ba, domin 'ya'yansa suna nan cikinmu. Da karen mota ya fara a Farin Gada, yana ɗaure buhunan kabeji da dankali. Ubangidansa marowaci ne, yana auna wa mota mai kamar mai auna magani, har wata rana ta mutu musu a tsakiyar Hawan Kibo, suka sauka suna tokare taya da duwatsu. A wurin ya rantse, in ya yi arziki, injinsa ba zai taɓa jin yunwa ba.

Allah kuwa ya buɗa masa. Ya zama direba, ya zama mai motoci. Amma da dukiyar ta shigo, kunnensa ya toshe. Duk wanda ya ba shi shawara, a wurinsa mahassadi ne. Da ƙasa ta yi masa kaɗan sai ya tafi Legas ya koyi tuƙin jirgin sama, ya sami takarda, ya sayi wani ƙaramin jirgi mai cin mutum huɗu, mai farfela ɗaya a hanci.

Ya 'yan uwa, injin irin wannan jirgi abin a tsaya a yi tasbihi ne. Numfashi yake yi kamar ɗan Adam. Ya shaƙi iska, kafireto ya gauraya ta da fetur, fistin ya matse su cikin silinda, fulogi ya kyasta wuta, ƙarfin wutar ya tura fistin, fistin ya juya farfela, hayaƙi ya fita. Ba shi da tukunyar ruwa irin ta mota, iskar da yake ketawa ita ke sanyaya shi. Kowace silinda fulogi biyu gare ta, kowanne da na'urar da ke ba shi wuta daban, don in ɗaya ya gaza ɗaya ya riƙe. A gaban matuƙi kuma akwai 'yan sanduna biyu. Mai baƙin kai ita ce totur. Mai jan kai ita ke ƙayyade yawan man da zai shiga cikin iskar: a tura ta, mai ya ƙaru, a jawo ta, ya ragu.

To ga abin mamaki. Iskar Allah ba kaurinta ɗaya ba. A bakin teku tana da kauri. A kan tudun nan namu ta sirance, shi ya sa baƙo yake haki in ya hau dutse. Da zafin rana kuma sai ta ƙara sirancewa. In iska ta ragu mai bai ragu ba, wuta shaƙewa take yi, kamar murhun da aka cusa wa itace har bakinsa ya toshe. Hayaƙi ya yi yawa, tukunya ba ta tafasa.

An koya masa wannan a makaranta, ya haddace don jarrabawa, ya watsar. Uzochukwu, matuƙin da ya rako shi da jirgin daga Legas, ya sha tuna masa cewa a nan sai an ɗan jawo jar sandar kafin a tashi. Shi kuwa da ya ji kalmar ragewa sai fuskar tsohon ubangidansa ta faɗo masa. Rage mai? Wannan ai aikin matsiyata ne. Wace mota ce ta taɓa hawa tudu da ƙarancin mai?

Yana da suruki, Malam Zubair, dattijo mai sayar da katako, wanda a da ya yi jinkirin ba shi 'yarsa Murjanatu don yana ganin rawar kansa. Abin bai taɓa barin zuciyar mutumin ba. Burinsa tsohon nan ya leƙo rumfarsa daga sama, ya gan ta kamar akwatin ashana, kuma shi ke tuƙa jirgin. Malam Zubair ba ya son shiga jirgin. Ya yarda ne kawai don kada a ce ya kunyata mijin 'yarsa.

Ranar ta faɗo a bazara, da tsakar rana. Ya sa aka cika tankunan fuka-fukai har baki. Ya ɗauko abokinsa Labaran da wani dillalin tumatir, ƙarti ne dukansu, ya zaunar da su a baya. Tsoho ya zauna a gefensa.

Uzochukwu ya matso bakin taga, ya roƙe shi ya sauke mutum ɗaya, ko ya bari sai da sanyin safiya. Ya ƙi. Sai Uzochukwu ya ce, "Oga, to ko jan sandan nan, ja shi kaɗan. Wannan ba gingimari ba ne."

Mutanen baya suka yi dariya. Dariyar nan ita ta ƙarasa shi.

"A gaban Baba zan tsaya ina tsimin mai? Ni na saya, ni zan ƙona. Matsa."

Ya tayar da inji, ya daɗe yana gurnani a ƙasa don a ji. A duk wannan lokaci mai yana yi wa wutar yawa, baƙar toka tana taruwa a bakin fulogi. Akwai gwajin da ake yi kafin a tashi, a kashe layin wuta ɗaya a saurari ɗayan. Da ya gwada, inji ya yi tari, jirgi ya girgiza. Malam Zubair ya ce a hankali, "Ɗana, abin nan kamar ba shi da lafiya. Mu haƙura mana."

"Baba, ƙishirwa yake ji. Yanzu zan shayar da shi."

Ya danna sandunan biyu har ƙurya.

Ya 'yan uwa, gargaɗi nawa ake yi wa bawa? Masani ya faɗa masa. Dattijo ya faɗa masa. Ƙarfen da ba shi da baki ma ya faɗa masa.

Jirgi ya yi ta gudu a kan titi kamar mai jan ƙafa. Da ƙyar ya rabu da ƙasa, ya ƙi hawa. Mutumin ya ji ƙarar injin a dakushe, ya ga tsaunin ƙasar da masu haƙar kuza suka bari yana tahowa. Jar sandar tana nan kusa da yatsunsa. Ya san abin da aka ce ya yi. Amma ja da baya a gaban suruki? Sai ya ƙara danna ta, alhali ba sauran inda za ta je, ya ɗaga hancin jirgi da ƙarfi. Fuka-fukai suka saki iska, jirgi ya karkata, ya faɗa gefen wani tsohon kududdufin kuza.

Manoman rani da ke ban ruwa a wurin suka ciro su. Labaran da dillali sun sami karaya. Shi bayansa ya taɓu, ƙafafunsa ba su sake ɗaukarsa ba. Malam Zubair kuwa a bakin ruwan ya cika.

Aka karɓe takardarsa. Murjanatu ta yi jinyarsa har ya bar asibiti, tana jiran kalma ɗaya, ya ce laifina ne. Abin da ta ji shi yana gaya wa masu dubiya shi ne maƙiya sun rage masa mai. Ranar ta kwashe 'ya'yanta ta koma gidan mahaifinta. Motoci suka watse a hannun direbobi. Har yau ana tura shi a keke, kuma duk wanda ya tsaya gaishe shi zai ji cewa da an ƙara wa injin nan ko kofi ɗaya, da ya haye.

Wannan ita ce halakar, ba faɗuwar jirgi ba. Wanda ya faɗi ya tuba ya tsira. Girman kai, kamar yadda malamai suka karantar da mu, shi ne ƙin gaskiya da raina mutane, kuma mutumin nan ya haɗa duka biyun. Ku lura, duk wanda Allah ya ɗaga, iskar da ke kewaye da shi raguwa take yi: masu gaya masa gaskiya su yi kaɗan. A nan ne ya kamata ya rage ci, ya rage murya, ya buɗe kunne.

Ya Ubangiji, kada ka ɗaga mu zuwa inda ba za mu ji kira ba, kada ka sa wani ya mutu saboda taurin kanmu. Allah ya jiƙan Malam Zubair. Allah ya kiyaye mu, amin.